Waiwaye: Angurya, Manhaja da Takardar Mallaka

Manomin auduga a ƙasar Funtuwa ya daɗe da sanin yadda iri ke fita daga hannun mai gona. Dawa da gero shi ke zaɓar irinsu da kansa tun kaka da kakanni, amma auduga ta kuɓuce masa tun farkon mulkin Turawa. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902, auduga mai dogon zare take nema, irin wadda injinansu ke iya kaɗawa, tamu ta gida kuwa gajeren zare gare ta. Sai aka shigo da irin Allen, ɗan asalin Amurka, wajen 1912. Aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, layin dogo ya ratso Funtuwa ya wuce Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Daga nan tsarin ya zauna: manomi ya kai kaɗarsa fuloti, a duba, a auna, a biya shi, a tafi da ita da anguryarta duka. In damina ta ƙarato, En'e ta rabo iri ta hannun dagatai da masu unguwanni. Kyauta ake bayarwa, sai dai babu zaɓi a ciki. Abin da Samaru ta fitar shi kowa zai shuka, kuma in an gama cira dole a tuge itacen a ƙone don kada ƙwari su kwana a ciki.

Ba na cikin masu zagin wannan tsari gaba ɗaya. Don masaƙun wata ƙasa aka gina shi, haka ne, amma ya riƙe tsabtar iri shekara da shekaru. Dattawan Ɗandume da Bakori da Ƙafur sun ga abin da ya biyo baya da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Kowa ya zama mai sayen kaɗa, kowace ma'aikatar gurza ta zama mai sayar da iri, angurya ta gauraye, wani ya shuka ta ƙi tsirowa, wani ta tsiro ta ƙi 'ya'ya. Akwai wasu dalilan da suka durƙusar da auduga, kamar mutuwar masaƙun Kaduna da Kano da kwararowar atamfar waje, amma lalacewar iri na sahun gaba. Mutanen wannan yanki sun ɗanɗani zamani biyu ke nan: lokacin da iri ke hannun mai ƙarfi shi kaɗai, da lokacin da ba shi da mai kula. Babu wanda ya ƙare da kyau ga manomi.

Zamani na uku ne ke shigowa yanzu, wanda za a riƙe iri da takarda. Na san akwai wanda zai ce mutumin da 'yan bindiga suka hana zuwa gonarsa ta nesa da gari, wanda buhun taki ya gagare shi, ina ruwansa da wata takardar mallaka? Yana da gaskiyarsa. Sai dai irin waɗannan dokoki shiru ake rubuta su, ba a jin ciwonsu sai bayan shekara 10 ko 20, lokacin da gyara ya yi wuya. Don a gane abin da ke tafe, ya kamata a dubi wani rikici da aka yi nesa da mu, kan abin da ko kaɗan bai yi kama da noma ba, wato manhajar kwamfuta.

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Ka fito da sabuwar dabara, ka bayyana yadda take aiki dalla-dalla a rubuce, babu ɓoye-ɓoye. Hukuma kuma ta hana kowa ƙera ta ko sayar da ita sai da izininka, har shekara 20. In wa'adi ya cika ta zama ta kowa. Ga inji ko magani cinikin na da ma'ana, domin mutum kan zuba dukiya da shekaru kafin ya kai ga abu guda. Takardar shinge ce da ake kewaye gonar da mutum ya share da guminsa, kuma babu mai hankalin da ke faɗa da shinge. Rigima na farawa ne ranar da shingen ya cinye burtali.

Da fari ofishin rajistar Amurka ɗari-ɗari yake yi da manhaja, domin a ganinsa lissafi ce, lissafi kuwa ba a mallakarsa. A 1981 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da takardar wani tsarin dafa roba wanda kwamfuta ke lissafa masa lokaci. Ƙofa ta ɗan buɗe. A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar da aka fi sani da State Street, ta ce hanyar gudanar da kasuwanci ma ana iya mallakarta. Ƙofa ta wangame. A 1999 kamfanin Amazon ya samu takarda a kan sayen kaya a intanet da dannawa ɗaya, kuma a shekarar ya kai wani kamfanin sayar da littattafai ƙara a kanta. Wannan takarda ba ta ƙare ba sai 2017. Sannan aka samu wata sana'a sabuwa: kamfanonin da ba sa ƙera komai, ba sa sayar da komai, aikinsu sayen tsofaffin takardu da aika wasiƙun barazana. Waɗanda suka riƙe wayar BlackBerry a ƙasar nan lokacin da take tashe ba duka suka san cewa a 2006 kamfanin da ke yin ta ya biya wani ƙaramin kamfani mai suna NTP dala miliyan 612.5 ba, don kada a rufe masa saƙonni a Amurka. NTP bai taɓa ƙera waya ba.

Me ya sa abin ya lalace a manhaja fiye da a inji? Manhaja guda tarin ƙananan dabaru ce dubbai, kowace an gina ta a kan ta wani. Mutum biyu da ba su san juna ba, ɗaya a Indiya ɗaya a Jamus, kan faɗa kan dabara ɗaya a mako ɗaya, domin matsalar da ke gabansu ɗaya ce. Takardar mallaka kuwa ba ruwanta da cewa kai ma da kanka ka gano. Wanda ya riga zuwa ofis shi ke da abu. Ma'aikacin da ke tantancewa lokacinsa kaɗan ne, kuma abin da yake dubawa shi ne rubutattun takardu. Dabarar da masu rubuta manhaja suka daɗe suna amfani da ita a tsakaninsu, amma ba wanda ya rubuta ta a inda ma'aikacin ke dubawa, a wurinsa sabuwa ce fil. Sai ya buga hatimi. Daga nan wanda aka kai ƙara ne zai nemi hujjar cewa takardar banza ce, shari'ar kuma kan ci miliyoyin daloli. Ƙaramin kamfani sai ya biya kuɗin sulhu ko da ya san shi ke da gaskiya. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu sake haɗuwa da shi a kan albasa da dawa.

An yi gyara, amma bayan an sha wuya. A Yulin 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da wani ƙudurin da ake ganin zai halatta takardun manhaja, da ƙuri'a 648 a kan 14, bayan ƙananan masu rubuta manhaja sun shekara suna sintiri a ofisoshin wakilansu. A 2011 Amurka ta yi sabuwar doka wadda ta buɗe hanyar ƙalubalantar takarda a ofishin rajista ba sai an shiga doguwar shari'a ba. Niw Zilan ta cire manhaja zalla daga abin da ake ba takarda a 2013. A 2014 kuma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Alice, ta ce ɗaukar tsohuwar dabara a ce kwamfuta ce za ta yi ta bai mai da ita ƙirƙira ba. Takardu da yawa suka zube bayan wannan hukunci. Masu rubuta manhaja ba su mutu da yunwa ba, domin dokar haƙƙin marubuta tana kare ainihin abin da suka rubuta, kamar yadda take kare littafi. Abin da aka ƙi shi ne mallakar tunanin da ke ƙarƙashin rubutun.

Kasuwar hatsin Ɗandume ta ci moriyar wannan ba tare da ta sani ba. Dillalin da ke ɗaukar hoton masara ya tura wa ɗan kasuwa a Legas, da yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar cire kuɗi, suna aiki ne a kan abubuwan da masu su suka saki. Cibiyar bincike ta CERN ta bar fasahar shafukan intanet ga kowa kyauta a 1993. Tecno da Itel ɗin da ke aljihun manomi suna tafiya da Android, wanda aka gina a kan Linux, manhajar da wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991 ya bar ta a buɗe. Da an kafa wa waɗannan shinge, da wayar ba ta yi arahar da za ta kai Mahuta da Tumburkai ba.

To, mu a nan fa? Dokar da ke kula da takardun ƙirƙira a Najeriya ta 1970 ce, tun zamanin Janar Gowon, kafin a san kwamfutar tebur. An sha kai ƙudurorin sabunta ta Majalisar Tarayya, amma ban da 'yan gyare-gyare ita ake aiki da ita. Babban rauninta shi ne wanda Amurka ta yi kuka da shi, har ma ya fi: a can ana tantancewa sama-sama, a nan dokar ce da kanta ta ce magatakarda ya duba cikar takardu da biyan kuɗi kawai, kada ya binciki ko abin sabo ne. Ana ba da takarda a kan alhakin mai nema, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Ma'ana, kotu ce wuri na farko da za a tambayi ko ƙirƙirar ƙirƙira ce.

Mun kuma ga abin da hakan ke haifarwa. Kamfanin Lancor na wasu 'yan Najeriya ya ƙera allon rubutu mai suna Konyin domin harsunanmu, wanda ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ da wasulan Yarbanci masu ɗigo. A 2007 ya kai shirin nan na raba wa yara ƙananan kwamfutoci, One Laptop per Child, ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana zargin an kwaikwayi fasalin allonsa, yana neman dala miliyan 20. Ina tausayin mai ƙirƙira ɗan ƙasar nan, wanda da wuya a yaba masa balle a biya shi. Amma wanda ya tsaya a tsakiya yana jira yaro ne ɗan firamare. A 2014 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci hukumar zaɓe da waɗanda aka haɗa su a ƙarar su biya kamfanin Bedding Holdings fiye da naira biliyan 17, saboda takardun da yake riƙe da su a kan tsarin ɗaukar bayanan masu zaɓe da na'ura. Ba laifin kowa nake nema ba. Kowa ya bi dokar da ya tarar. Tambayata ita ce, ƙasar da takarda ɗaya ke iya jawo biliyoyi daga baitulmali, me ya hana ta ɗaukar injiniyoyi su zauna su karanta takardar kafin a buga mata hatimi?

Wani abu guda dokar 1970 ta yi daidai: ta ce ba a ba da takardar ƙirƙira a kan nau'in tsiro ko na dabba. Amurka ta bi wata hanyar, kuma mun ga inda ta kai ta. Wani dattijon manomi a jihar Indiyana, Vernon Bowman, yakan sayi irin waken suya na kamfanin Monsanto don shukarsa ta farko, ya biya kuɗinsa. Don shukar baya, wadda ba ta da tabbas, sai ya je ma'ajiyar hatsi ya sayi waken da ake sayarwa don ci da abincin dabbobi, ya shuka. Yawancin waken da ke ma'ajiyar jikan irin kamfanin ne, mai ɗauke da ƙwayar halittar da ke jure maganin ciyawa. Kamfanin ya kai shi ƙara. A Mayun 2013 alƙalan Kotun Ƙoli su tara suka haɗu a kan cewa shuka wake kwafi ne, kuma sayen wake a kasuwa bai ba ka izinin yin kwafi ba. Aka bar masa diyyar kimanin dala dubu 84. Duk manomin da ya taɓa sayen tiyar waken suya a kasuwar Ɗandume ko Funtuwa ranar da aka yi ruwan shuka, ya san abin da Bowman ya yi ba baƙon abu ba ne. A nan iri da manhaja suka haɗu: dukansu kwafin kansu suke bayarwa ba tare da ma'aikata ba, saboda haka mai son mallakarsu dole ya sa ido a kan abin da mutum ke yi a cikin gidansa.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Galmi gari ne na Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, kuma albasarsa ja mai ruwan shuɗi ta yi suna daga Abijan zuwa Dakar. Manoman yankin ne suka zaɓe ta, suka gyara ta, tsara bayan tsara. A 2006 wani kamfanin iri da ke Senegal, Tropicasem, ya nemi ofishin OAPI da ke Yawunde, wanda Nijar ke cikin ƙasashensa 17, ya ba shi takardar mallakar nau'in, da sunan nan nata na Galmi. Masu albasar ba su ji labari ba sai bayan shekaru. Da ƙungiyoyin manoma suka tada ƙura, gwamnatin Nijar ta ƙalubalanci neman, kamfanin ya bar sunan Galmi ya koma nema da wani suna. Sai a 2023 aka miƙa wa Nijar takardar da ta ɗaure sunan albasar da ƙasar da take fitowa, tare da ta kilishi. Abin lura shi ne yadda neman ya fara shiga ofis tun farko. Ilimin mutanen Galmi yana cikin fadamunsu da rumbunan albasarsu, ba ya cikin kundin da ma'aikacin ofis ke buɗewa. Daidai abin da ya faru da masu manhaja.

Haka aka yi da bedi, wato darbejiya, wanda iyayenmu mata ke zuba ganyensa a rumbu don ƙwari. Ofishin rajistar Turai ya ba wani kamfanin Amurka, tare da ma'aikatar gonar ƙasar, takarda a kan maganin cutar tsiro da ake yi da man 'ya'yansa. Sai da mutanen Indiya suka kawo shaidar cewa sun daɗe suna yin haka kafin a soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Indiya ta ɗauki darasi. Ta zauna ta tattara ilimin magungunanta na gargajiya a wata taska ta kwamfuta, ta ba ofisoshin rajista na duniya damar dubawa, don kada wani ma'aikaci ya sake cewa bai gani ba.

Yanzu ga tamu. A Mayun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kare sababbin nau'in tsirrai, wadda ke ba mai fito da sabon iri haƙƙi na shekara 20, ko 25 ga itatuwa. An ɗinka ta ne a kan ma'aunin yarjejeniyar UPOV ta 1991, wadda aka tsara tun asali don ƙasashen da manomansu ke sayen iri a shago duk shekara. Gaskiya ce dokar ba ta taɓa kaura da farafara da kanannado ba. Sabon irin da aka yi wa rajista kawai ta shafa. Ta kuma bar wa manomi ƙofa: ga amfanin gonar da Ministan Noma ya jera, manomi na iya ajiye abin da ya girbe ya sake shukawa a gonarsa, cikin iyaka. A gonarsa, aka ce. Ba a ce gonar ƙanensa ko ta maƙwabcinsa ba.

Wanda ya rubuta wannan jimla bai tsaya a gonar dawa da kaka ba. Kafin a fara yanka, dattijo kan shiga shi kaɗai da wuƙa, yana tafe yana ɗaga kai. Ba kowace zangarniya yake taɓawa ba. Yana neman mai cikar ido, wadda tsuntsu bai ɓata ba, wadda karanta bai kwanta ba duk da iskar da aka yi. Ya yanke, ya ɗaure su dabam, a rataye su inda hayaƙin madafa ke bugunsu. A cikin gida kuma tsohuwa ta gauraya irin kuɓewa da yakuwa da wake da toka, ta ɗura a gora, ta liƙe bakin. Da damina ta zo sai ka ji sallama a zaure: "Baba, dawar nan taka ta bara ta ba ni sha'awa, a taimaka mini da tiya guda." Shi kuma ya ce, "Ɗauki mana, ɗana, in Allah ya kai mu kaka ka mayar." Amarya kan tafi gidan miji da irin gidansu. Ɗan ci-rani kan dawo da wani a aljihun jaka. Wannan ita ce hanyar da iri ke bi a ƙasar Hausa, kuma ba ta tambayar ko na gargajiya ne ko na Samaru. In ya yi kyau zai bi ta.

Masarar da ta sa sunan Ɗandume ya kai Kudu ma ta nan ta bi. Kafin shirin raya noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya tare da na Gusau da Gombe, masara abin bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Shirin ya kawo taki da hanyoyin karkara da malaman gona, ya kawo farar masarar TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar. Irin a buɗe yake, ana iya ajiyewa. Malamin gona ya ba mutum ɗaya, mutum ɗaya ya ba goma, cikin 'yan shekaru masara ta ture dawa a gonaki da yawa. Da a ce kowace tiya da ta tsallaka katanga laifi ce, da tireloli ba sa layi a kasuwar yau.

Ba ina cewa kada a biya masu bincike ba ne. Mutum kan shekara 10 yana aurar da tsirrai kafin ya fito da nau'i guda, kuma na sha ganin takaicin manomin da aka sayar wa hatsin ci da aka rina da jan magani a matsayin ingantaccen iri. Hana irin jabu aiki ne na doka, kuma Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa ta yi daidai da ta fito da lambar da ake kankarewa a jikin leda a tura ta waya. Amma kamfanin kirki ba ya buƙatar ɗan sanda a bakin rumbu. Manoman wannan yanki sun shekara da shekaru suna sayen Oba Super na kamfanin Premier da ke Zariya duk damina, ba don wata doka ba, sai don sun gwada sun ga irin aure in aka sake shuka shi ba ya ba da abin da ya bayar da fari. Inda iri ya biya kuɗinsa, manomi da ƙafarsa yake zuwa shago.

Sababbin irin da ke fitowa daga Samaru sun ƙara wa maganar nauyi. A 2018 aka amince da audugar Bt ta kamfanin Mahyco na Indiya. A ƙarshen 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa. A 2024 aka saki masarar TELA. Ƙwayar halittar da ke cikin waken da masarar ta kamfanin waje ce, an bayar da ita ne ba tare da kuɗin haƙƙi ba ta hannun gidauniyar AATF. Alheri ne, kuma a yaba. Sai dai alherin kamfani yarjejeniya ce, yarjejeniya kuma tana da masu ita. Abin da zai kare manomi ranar da wani kamfanin ya zo ba da niyyar kyauta ba, shi ne abin da ke rubuce a dokar ƙasa.

Indiya ta nuna cewa ana iya rubuta shi. Dokarta ta 2001 ta ba masu bincike haƙƙinsu, amma ta faɗa ƙarara cewa manomi na iya ajiyewa, ya shuka, ya yi musaya, ya bayar, ya sayar da abin da ya noma har da na irin da aka yi wa rajista, in dai bai sa shi a leda da sunan kamfanin ba. A 2019 kamfanin PepsiCo ya kai wasu manoman jihar Gujarat ƙara kan wani nau'in dankali, yana neman diyyar da ta fi ƙarfin gonakinsu. Cikin 'yan makonni ya janye, domin manoman na da sashen doka da suke nunawa, ƙungiyoyinsu kuma sun san lambar sashen. Manomin Ɗandume ba shi da irin wannan sashe. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta taɓa fitar da samfurin doka a 2000 mai kare haƙƙin manoma da al'ummomi, muka bar shi a kabad muka ɗauko na waje.

Abin da ya rage a hannunmu ba kaɗan ba ne. Jerin amfanin gonar da minista zai ware, da iyakar abin da ake kira ƙaramin manomi, ba a sassaƙa su a dutse ba. Wakilan Katsina ta Kudu a Majalisar Tarayya, waɗanda mazaɓunsu suka shahara da noman masara, su ya fi kamata su tsaya a kan cewa masara da dawa da gero da shinkafa da wake da waken suya da auduga sun shiga jerin, kuma a faɗaɗa ƙofar ta haɗa da musaya da sayar da tiya a kasuwar ƙauye. Irin da aka samar a Samaru da kuɗin talakawa kuwa, ban ga dalilin da zai sa a rufe shi ga jikokin waɗanda aka karɓi iyayen irin daga gonakinsu ba. Ma'ajiyar IITA kaɗai na riƙe da samfurin wake fiye da dubu 15, kuma kaso mai yawa daga gonakin Afirka ta Yamma aka tsinto shi.

Sai aikin da ba ya buƙatar Abuja. Kowace gunduma a ƙasar Ɗandume na da nau'in dawa da wake da shinkafa da tsofaffi suka san sunansa, da kwanakin da yake yi, da ƙasar da yake so, da gidan da ya fito. Waɗannan tsofaffi suna raguwa, wasu kuma rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu, suka baro rumbuna a baya. Sashen gona na ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin manoma, da taimakon ɗaliban noma na Samaru, na iya zagawa da littafi da waya su rubuta suna da siffa da hoto da sunan ƙauye, a sa hannun dagaci da kwanan wata, a kai samfuri ma'ajiyar NACGRAB ta Ibadan da sunan al'ummar. A Mayun 2024 ƙasashen duniya suka amince a Janeba da wata yarjejeniya da ke tilasta wa mai neman takardar ƙirƙira ya faɗi inda ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya gina a kai. In yarjejeniyar ta fara aiki, ma'aikacin ofis zai nemi rubutaccen kundi ne ya gwada da abin da mai nema ya faɗa, kuma zuwa yau dawar Tumburkai ba ta cikin ko ɗaya da sunan masu ita.